Nawa zan mayar, kuma yaushe? Yadda mai ƙaramin jari zai auna rance kafin ya sa hannu

Tun da Babban Bankin Najeriya ya fara ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa a watan Mayun 2022, daga kashi 11.5 cikin 100 har ya kai 27.5 a Nuwamban 2024, maganar rance a bakin 'yan kasuwarmu ta koma tambaya ɗaya: kashi nawa ne? In aka ce 9, sai a yi layi. In aka ce 30, sai a kaɗe riga a tashi. Ni mai sayar da taki da maganin feshi ne a Jega, kuma ni ke riƙe da littafin wata ƙungiyar 'yan kasuwa da manoma ta unguwarmu, don haka takardun rance iri-iri sun bi ta hannuna. Kashin nan da ake tambaya yana da nauyi, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne a kan kowa. Ga wani, shi ne zai yanke magana. Ga wani kuwa, da ƙyar ya zo na uku a cikin abin dubawa. Abin da ya raba su shi ne tsawon lokacin da kuɗi zai kwanta a cikin kaya kafin ya dawo hannu.

Mu mutanen Kebbi mun ga haka da idonmu. A jihar nan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, rancen noman shinkafa da alkama a kan kashi 9 a shekara. Akwai waɗanda suka karɓa, suka biya, suka ƙara gona. Amma da ambaliyar 2020 ta hau fadamun Argungu da Birnin Kebbi har zuwa Bagudo, arhar rancen ba ta tsamo kowa ba. Manomin da shinkafarsa ta nutse, 9 da 30 duk ɗaya ne a wurinsa, tunda uwar kuɗin ce ta tafi.

Maganar halas da haram

Akwai ƙofar da za a fara bi kafin a ɗauki biro. Mafi yawanmu Musulmi ne, haramcin kuɗin ruwa kuwa a fili yake a Suratul Baƙara, kuma babu wani lissafi nawa da zai halatta abin da Allah Ya haramta. Yanzu hanya ta buɗe fiye da da: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dukansu ba da kuɗin ruwa suke aiki ba. A murabaha, banki ne zai sayi kayan da kake buƙata, ya sayar maka da ƙarin da kuka amince a kansa, ka biya sannu a hankali. A ijara, hayar inji ko mota kake yi. A salam, ana biyan manomi kuɗin amfanin gona tun kafin girbi, da ma'auni sananne da lokaci sananne. In takarda ta shige maka duhu ta fuskar shari'a, kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba.

Sai dai halascin ciniki bai mayar da shi mai arha ba. Ƙarin da ake ɗorawa a murabaha yakan bi yanayin tsadar kuɗi a ƙasa, kuma shi ma daga ribarka za a cire shi. Saboda haka duk inda na ce tsadar rance a nan gaba, ina nufin duk abin da za ka biya sama da abin da ka karɓa, ko a bankin Musulunci ne, ko a wani banki, ko a hannun mai kaya. Lissafin zai yi wa kowa aiki, daga mai albasa a Aliero har mai shago a Zuru.

Ka mayar da kashi zuwa naira

Aikin farko, ka bar magana da kashi. Ka sa ma'aikacin ya rubuta maka lambobi biyu a takarda: naira nawa za ta shigo hannuna ranar da aka ba ni, kuma naira nawa zan fitar daga yau har ranar da za mu rabu? Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsadar rancen.

Dalili shi ne, ba hanya ɗaya ake faɗin kashi ba. Manyan bankuna na shekara suke faɗa. Ƙananan bankuna da manhajojin waya na wata suke faɗa, wasu ma na mako. "Kashi 4 kacal" a wata, 48 ne a shekara tun kafin a shiga cikin maganar. Sannan akwai yadda ake ɗora shi, kuma a nan ne na fi ganin an cuci mutane ba su sani ba.

A ce an ba ka ₦500,000 na wata 12 a kan kashi 4 a wata, ana lissafawa a kan dukan uwar kuɗin daga farko har ƙarshe. Ƙarin ₦20,000 ne kowane wata, ₦240,000 a shekara, jimilla ₦740,000, kana zuba kusan ₦61,700 duk wata. To ai ba ka riƙe dubu 500 ɗin har shekara ba. Bayan wata 6 ka mayar da rabi. A watan ƙarshe abin da ya saura a hannunka bai kai dubu 42 ba, amma har yanzu dubu 20 ake karɓa a kansa. In aka auna da kuɗin da ke hannunka da gaske, tsadar ta kusa kashi 80 a shekara. Da a kan ragowa ake lissafi, wannan kashi 4 ɗin zai tsaya tsakanin ₦130,000 da ₦140,000. Dubu ɗari ke nan tsakanin rance biyu da aka tallata da lamba ɗaya. Ka tambaya da bakinka: a kan duka kuɗin ne, ko a kan abin da ya rage?

Daga nan sai ƙananan cire-cire: kuɗin fom, na gudanarwa, na inshora, na lauya, na masu kimanta jingina. Ƙa'idar cajin bankuna da Babban Banki ya fitar ta 2020 ta tsayar da kuɗin gudanarwa a kan abin da bai wuce kashi 1 ba, sau ɗaya tak, saboda haka in ka ga ya haura, ka nemi bayani. Wasu kuma za su ce sai ka bar ajiyar dole a asusu. An rubuta maka ₦500,000, an riƙe ₦50,000, an cire ₦15,000 na caji, ka fito da ₦435,000, amma a kan dubu 500 za ka biya. Ka ƙara da kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi da dawowa, da ranakun da shago zai wuni a rufe. Wanda kuma ya ce sai ka ba shi na goro kafin sunanka ya fito a rancen gwamnati, ka rabu da shi, galibi daga kuɗin goron ba ka sake ganin komai.

Sau nawa kuɗin zai juya?

Wannan ita ce tambayar da za ta gaya maka ko kashi ya dame ka ko kar ya dame ka. Zan kawo sana'o'i uku da kowa ya sani a nan. Farashin da zan sa misali ne kawai, kai ka cire ka sa na kasuwarka na yau.

Yayata a Argungu turara shinkafa take yi. Ta sayi shanshera, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji, ta sayar. In akwai rana, kuɗinta yakan fita ya dawo cikin mako guda. A ce ta ƙara jari da ₦300,000, kuma bayan an cire itace da kuɗin inji da dako da ladan masu taya ta, kowane juyi yana bar mata ₦15,000. A wata ₦60,000 ke nan. Rance mai kashi 4 a wata zai ci ₦12,000, mai kashi 5 zai ci ₦15,000. Tazarar ₦3,000 ce, ba ta kai ribar kwana biyu ba. Da ta kawo mini takardu biyu in zaɓa mata, cewa na yi, "Yaya, bar wahalar da kanki a kan kashi ɗayan nan. Wa zai sayi ƙarin shinkafar? In kuma damina ta sauka, shanya ta gagara, juyin mako ɗaya ya koma na mako uku, da me za ki biya?" Domin a irin wannan watan ribar ƙarin jarin za ta sauko wajen ₦20,000, rance ya ɗauki ₦12,000, ga kuma kason uwar kuɗi yana jira. Ga mai juya kuɗi da sauri, irin su mai turara shinkafa, mai kifi a Yauri, mai kanti, mai sayar da kati, abin tsoro shi ne tsayawar ciniki. Kashi ɗaya ko biyu ba shi zai kayar da su ba.

Yanzu mu je Aliero wajen mai ajiyar albasa. Ya sayi buhu 100 lokacin da ake cire ta, a ce kan ₦20,000, ₦2,000,000 ke nan. Ya zuba a rudu yana jiran wata 6 ta yi tsada. Gyaran rudu da tsinta da gadi da sabbin buhuna, a ce ₦150,000. Albasa kuwa ba ta zama yadda aka ajiye ta: tana motsewa, tana tsiro, tana ruɓa. A ce buhu 70 suka fita. Da kuɗinsa ne, sai ya sayar a kan kusan ₦30,700 kafin ya mayar da jari. In rance ne mai kashi 9 a shekara, ƙarin ₦90,000 ne a wata 6, sai farashin tsira ya koma ₦32,000. In kuwa mai kashi 4 a wata ne, ƙarin ₦480,000 ne, sai buhu ya kai kusan ₦37,600 kafin ya ga ko kwabo. Ka ga a nan kashi ya fara magana da ƙarfi, saboda kuɗin juyi ɗaya kawai zai yi, kuma kowane wata yana kwance ana ƙirga masa.

Amma dubi wani abu. In ruɓa ta ƙara cin buhu 10, aka fita da 60, farashin tsira zai tashi daga ₦37,600 zuwa kusan ₦43,800. Wato asarar buhu 10 ta kusa yin nauyi ɗaya da dukan kuɗin ruwan wata 6. Mai albasar da ya ɓata mako biyu yana yawon neman ragin kashi ɗaya, ya bar ɗanyar albasa ta shiga rudu ba a tsince ba, ya yi tsimi a inda bai kamata ba. Ya nemi rance mai sauƙi, i, amma ya fara da zaɓen albasar da ta bushe wuya, da rudun da iska ke ratsawa.

Na uku, mai son sayen injin gyaran shinkafa ko babban famfon sola, ₦5,000,000, biya cikin shekara 3. A kan kashi 30 a shekara, ana lissafi a kan ragowa, zai riƙa zuba kusan ₦212,000 duk wata, ƙarin gaba ɗaya ya haura ₦2,600,000. A kan kashi 9, zubin wata kusan ₦159,000 ne, ƙarin kuma wajen ₦724,000. Tazara ta kusa naira miliyan 2. A irin wannan, kashi shi ne gaba da komai. Ya cancanci ka yi rajistar kasuwancinka da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka gyara lambobin BVN da NIN su yi daidai da sunanka, ka riƙa bi da cinikinka ta asusun banki don a ga tarihinsa, ka yi haƙurin bin layin Bankin Masana'antu ko Bankin Manoma, ko irin rancen kashi 9 na ƙananan sana'o'i da gwamnatin tarayya ta sanar a Yulin 2023. Kuma kar ka kuskura ka sayi inji da rancen wata 6. Inji a shekaru yake biyan kansa, rancen da za a saye shi da shi ma dole ya zama na shekaru.

Famfon sola yana da wani sauƙi wajen lissafi da nake so manoman rani su lura da shi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 har ta haura ₦1,000 a ƙarshen 2024. Kai ka san lita nawa injinka yake sha daga dashe zuwa yanka. Ka ninka da farashin yau, ka ajiye kusa da zubin shekara na rancen. In kuɗin man da za ka daina saye ya rufe zubin, to ba hasashen kasuwa kake yi ba, kuɗin da dama yake fita ne ka canja masa hanya. Irin wannan rancen ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗan yi tsada.

Ma'aunin da nake bai wa 'yan ƙungiyarmu shi ne wannan: ka lissafa ƙarin ribar da rancen kansa zai kawo, ba ribar dukan shagonka ba, a shekara mai matsakaicin kyau. In tsadar rancen za ta ci sama da kashi ɗaya cikin uku na wannan ƙarin, ni dai ba na ba da shawarar a karɓa, domin ragowar ba za ta ishi ɗaukar ko ƙaramar tangarɗa ba. Kuma ka sa ladan wahalarka a cikin kuɗin da aka kashe. Da yawa suna kiran ladan guminsu riba, sai lissafi ya yi kyau a takarda alhali mai rance suke yi wa aiki.

Akwai masu cewa, "Ai kaya kullum tashi suke, tsada ce za ta biya bashin." A 2024, da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba, wannan magana ta yi wa wasu daidai: wanda ya sayi inji da wuri ya tsere wa ƙarin farashi. Amma hauhawar da ake faɗa a rediyo ta ƙasa ce baki ɗaya, ba ta buhunka ba. A tsakiyar 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji na kwana 150, a 2025 kuma farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka cika sito da kuɗin aro suna jiran tashi suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Farashi yana sauka, bashi kuwa yana nan yadda aka rubuta shi.

Ranar biya ta dace da ranar shigowar kuɗi

In aka ba ni zaɓi tsakanin rance mai arha da za a fara karɓa wata mai zuwa, da mai ɗan tsada da zai jira girbi, ga manomi na biyun zan ɗauka. Shinkafar rani takan ɗauki wata 4 zuwa 5 tun daga reno har a sa ta a buhu, kuma cikin watannin nan ba abin da gona ke bayarwa sai ci. Manomin da aka ɗora wa zubin mako-mako, ko dai ya sayar da takin da aka ba shi, ko ya sayar da akuya, ko ya ci wani bashin ya toshe wannan. Haka mai albasa: in zubi ya fara daga watan farko, dole ya buɗe rudu tun kasuwa na cike, ajiyar ta tashi a banza.

Ka zana watanni 12 a takarda, ka rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita a kowanne. Ka sa azumi da sallah biyu, da kuɗin makaranta, da watannin tsakiyar damina da ciniki ke sanyi saboda kuɗin kowa yana gona. Sai ka ɗora zubin rancen a kai. Duk watan da ya faɗa rami, ka koma ka nemi a ba ka wa'adin hutu, ko a mayar da zubin bayan wata uku-uku, ko a rage yawan rancen. Sau da yawa rage yawan shi ne maganin. An ce za a iya ba ka miliyan ɗaya ba ya nufin miliyan ɗaya kake buƙata.

Ka kuma tambaya ko kashin a tsaye yake ko yana motsi. Yawancin takardun manyan bankuna suna ɗauke da sharaɗin cewa za a iya sauya shi in yanayin kasuwar kuɗi ya sauya. Cikin 2024 kaɗai ma'aunin Babban Banki ya tashi daga 18.75 zuwa 27.5, waɗanda ke da irin wannan sharaɗi kuwa sun ji a jikinsu. A murabaha farashin da aka ƙulla shi ne har ƙarshe, wannan kuma babbar fa'ida ce ga mai dogon zango.

In abu ya ɓaci fa?

Ba fata ake yi ba, amma wanda ke kasuwanci a yankin nan ya san abin da ya gani. An rufe kan iyaka a Agustan 2019 har Disamban 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai a Maris na 2024 aka buɗe, 'yan kasuwar Kamba sun san abin da wannan ya yi musu. A farkon 2023 takardar kuɗi ta ɓace a hannun mutane, kasuwannin ƙauye suka tsaya cak. Ga ambaliya, ga rashin tsaro da ke hana zuwa gona da cin kasuwa a wasu sassan Kebbi da Zamfara. Saboda haka ka yi lissafin karo na biyu: ciniki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, ko ya tsaya wata biyu cur. Za ka iya ci gaba da zubi daga tsohuwar sana'arka ba tare da an taɓa abincin gida ba? In amsar a'a ce, to ko kashi 5 ne a shekara, rancen ya fi ƙarfinka.

Sannan ka duba abin da za ka rasa. Ni ban yarda mutum ya jinginar da gidan da iyalinsa ke kwana, ko gonar gado, don jarin saye da sayarwa ba, kome arhar rancen. Tun 2017 akwai dokar da ta ba da damar jinginar da dukiya mai motsi, kamar inji da mota da kayan sito, ka tambaya ko za su karɓa. Ka sani kuma, tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI: in ka sa hannu a kansa ka kasa biya, banki zai iya ɗebe kuɗi daga asusunka na wasu bankuna ta lambar BVN. Sunanka kuma zai shiga rajistar masu bashi, ya toshe maka rancen gaba. Wanda ya tsaya maka shi ma ka gaya masa gaskiyar abin da ya ɗauka, domin zumunci da yawa ya lalace a nan. Manhajojin waya masu ba da rance cikin minti biyar kuwa, ba na jari ba ne. Wa'adinsu gajere, tsadarsu mai yawa, wasunsu har sukan bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi, abin da ya sa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ta shiga maganar tun 2022.

Tambaya ɗaya da take raba rance mai amfani da mai halakarwa: kana mayar da masu saye saboda ba kaya, ko kuwa kaya na nan ba masu saye? Na farkon jari yake nema. Na biyun, in aka ƙara masa kuɗi, asarar ce za ta ƙara girma.

Bashin da ba a kira shi rance ba

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mafi yawan namu ba a banki yake ba. A shagona, in buhun taki ₦40,000 ne kuɗi hannu, na ba ka a ₦46,000 zuwa wata 3, ciniki ne muka ƙulla, farashi ɗaya, lokaci ɗaya. Amma ka lissafa: ₦6,000 a kan ₦40,000 kashi 15 ne cikin wata 3, wato 5 a wata. Ina faɗin haka duk da ni ke sayarwa, domin manomin da ya san lissafinsa shi ke dawowa baɗi. Wani lokaci wannan ya fi maka sauƙi, tunda ba fom, ba jingina, kuma biya sai kaka. Wani lokaci kuma ya fi banki tsada. Sai ka auna za ka sani.

Wanda ya fi ciwo shi ne kuɗin da ake ba manomi a tsakiyar damina, yana cikin matsi, a kan zai biya da buhu a kaka. In aka ba ka kuɗin rabin buhu ka biya da buhu cikakke bayan wata 4, ka biya ninki, babu bankin da ya kai nan. Mai kuɗin da ke son yin salam na gaskiya ya sa farashin da zai iya kallon idon manomi da shi.

Kafin duk waɗannan, ka waiwayi adashi, da rancen ɗan'uwa wanda ba ƙari, da haɗin gwiwa irin na jari naka, aiki nawa, a raba riba bisa kason da aka yanke tun farko. Haɗin gwiwa a shekara mai kyau yakan fi rance tsada, tunda rabin riba zai iya wuce kowane kashi. Amma a shekarar asara ba kai kaɗai za ka ɗauka ba. Ga sana'a mai haɗari irin ajiyar albasa, ni shi na fi so. Sai dai a rubuta, a sa shaidu, ko da ɗan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ranar sa hannu

Ka karɓi takardar tayin rancen da jadawalin biya ka tafi da su gida, wanda ya iya karatu kuma ba ya cin komai a cikin maganar ya karanta maka layi-layi. In aka hana ka fita da takardar, ka bar musu kuɗinsu. Ka nemi inda aka rubuta tarar jinkiri, nawa ce, daga rana ta nawa take farawa. Ka nemi inda aka yi maganar biya kafin wa'adi: in ciniki ya yi kyau ka biya a wata na 5, za a yafe ƙarin sauran watannin ko sai ka cika? Ga mai juya kuɗi da sauri, wannan sharaɗin ya fi ragin kashi ɗaya daraja. Kar ka sa hannu a takarda mai gurbin da ba a cike ba, kar kuma ka ba kowa lambar sirrin katinka da sunan sauƙaƙa zubi.

Kuɗin na shigowa, a ranar ko washegari ya shiga kayan da aka karɓo shi dominsu. In ya kwana uku a aljihu, biki da suna da asibiti za su same shi. Ka ware masa littafi nasa, ka riƙa cire zubi daga cinikin kowace kasuwa kana ajiyewa gefe, kada ka jira ƙarshen wata. In ka hango ba za ka iya cika wani zubi ba, ka je da ƙafarka tun kafin ranar, ka nemi a sake tsara biyan a rubuce. In an cire maka abin da ba ya cikin takarda, ka rubuta ƙorafi ga bankin ka riƙe kwafi, in ba su gyara ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Ka adana shaidar kowane zubi, ko rasit ko saƙon waya. Ranar da ka gama biya, kar ka tsaya ga "shi ke nan, Alhaji, mun gode" na baki. Ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka karɓo takardun jinginarka na asali, ka sanar da wanda ya tsaya maka, sannan bayan 'yan makonni ka sa a duba maka rajistar masu bashi a tabbatar an rubuta ka biya.